Wa Ya Fi Mu Kore? Hira Kan Miyar Ganye da Bargon Ƙyallaye

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta ishe su sauraron murya ba, ko kuma sabis ɗin garinsu ya ƙi ba da haɗin kai. Ni ma na san wannan wahalar, don idan na je gida Kirikasamma akwai lungun da sai na ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa kafin saƙo ya shigo.

Ƙanwata ce ta jawo hirar yau. Kwanan baya ta turo min wani bidiyo: kogi a tsakiyar birni ya zama kore shar, mutane kowa da koren kaya, yara an shafa musu kore a kumatu, har kek da madara an rina su kore. Sai ta rubuto a ƙasa, "Yaya, wai waɗannan lafiyarsu kuwa? Kainuwa ce ta cinye musu kogi ko me?"

Na yi dariya har da ƙwalla. Amma da na zauna zan ba ta amsa, sai na ga maganar ta fi ƙarfin saƙo ɗaya. Shi ya sa na ce bari in kawo ta nan mu tattauna gaba ɗaya.

To, da farko dai, mene ne wannan biki?

Ranar 17 ga watan Maris ce, mutanen ƙasar Ayalan suke kiranta ranar Sent Fatrik. Ayalan tsibiri ne a yamma da Birtaniya. Shi wannan Fatrik ya rayu ne a ƙarni na 5, kuma abin mamaki, ba ma ɗan Ayalan ba ne. A Birtaniya aka haife shi, 'yan samame suka kama shi yana da kimanin shekara 16, suka kai shi Ayalan bauta. Ya yi shekara 6 yana kiwo, ya gudu, daga baya ya koma ƙasar yana wa'azin addinin Kirista. Suna ɗaukar 17 ga Maris a matsayin ranar rasuwarsa. Asalinta ranar ibada ce ta mabiya addininsu, amma a yau ta zama ranar tuna ƙasa da asali ga duk wani mai jinin Ayalan a duniya. Tun 1903 ranar hutu ce a can.

Kogin da ƙanwata ta gani kuwa ba a Ayalan yake ba. A Shikago yake, a Amurka, kuma tun 1962 suke zuba masa rini kusan kowace shekara saboda wannan rana.

Muna da 'yar alaƙa da su ma. A 1960 Ayalan ta buɗe ofishin jakadancinta a Legas, a 1961 kuma limaman Katolika suka ayyana Fatrik a matsayin waliyyin cocinsu na Najeriya. Shi ya sa za ku ga makarantu da coci-coci da yawa a ƙasar nan da wannan suna. Kuma duk wanda ya taɓa sayen dankalin Turawa a kasuwa ya ji ana ce masa "Airish". Sunan mutanen ƙasar ke nan ya maƙale wa dankalin, ko da yake namu daga Filato ake kawo shi.

Me ya sa kore? Dalili na farko, ƙasar ce da kanta. Ruwan sama ba ya yanke musu, ciyawa ko'ina. Na biyu, akwai wani ɗan tsiro mai ganye uku da suke kira shamrok, wanda suke maƙalawa a riga ranar. Na uku siyasa ce: tun tawayen da suka yi wa mulkin Ingila a 1798 kore ya zama launin masu neman 'yanci, yau ma yana cikin tutarsu. Sannan kuma watan Maris shi ne lokacin da sanyinsu yake sakin jiki, itatuwa su fara toho. Kamar dai yadda muke ji idan aka yi ruwan fari, ƙasa ta tashi da wannan ƙamshin.

To a nan ne na tsaya na yi tunani. Ku leƙa waje yanzu, idan kuna Haɗeja ko Birniwa ko Guri ko Kirikasamma. Me kuka gani? Maris a wajenmu hunturu ya tattara kayansa, bazara ta kunno kai. Ƙasa ta yi fari fat, kuka ta tuɓe tsirara, awaki suna bin takarda. Ruwan sama sai wajen Yuni, in Allah Ya kai mu. In ka ga kore a tudu, to gawo ne, shi da yake fitar da ganye da rani ya zubar da damina, ko darbejiya, ko yaɗiya da ta nannaɗe wani icce.

Amma ka gangara fadama. Nan za ka ga wata duniya daban: shinkafar rani, albasa, tattasai, attaruhu, latas, kabeji, alayyahu, ga ƙarar injin ban-ruwa tun asuba. Su can kore da kansa yake zuwa musu har ƙofar gida. Mu a wannan wata hanya biyu ce kawai muke samunsa: ko dai kogi ya ba mu, ko kuma wata mata ta shanya shi tun kaka ta adana. In babu ɗayan biyun nan, sai dai a ci tuwo da lami.

Wannan ita ce maganar da nake so mu riƙe a shirin yau. Abinci da ɗinkin da suke yi don ado da biki, mu a wajenmu dabarar tsira ce, kuma muna sakinta tana zubewa ba mu lura ba.

Bari mu shiga kicin.

Mutanen Ayalan suna da wani abinci da suke kira kolkanon. Dankalin Turawa ne ake dafawa a dama shi, a zuba man shanu da madara, a haɗa da kabeji ko wani ganye ɗan'uwansa, da ganyen albasa. Shi ke nan fa. A ƙasar tasu kabeji da naman alade ne abincin gargajiya, waɗanda suka yi hijira Amurka ne suka musanya shi da naman sa mai gishiri. Su kuma kek da lemo da madarar da kuke gani kore a bidiyo, kalar abinci ce kawai aka ɗiga.

Na gwada kolkanon ɗin a gida wajen buɗa-baki, amma da kayanmu. Na dafa dankali da gishiri har ya yi laushi, na tsane ruwan tas, na murƙushe shi da ludayi tun yana da zafi. Na soya lawashi a man shanu, na zuba yankakken alayyahu na juya kamar minti biyu, na haɗa da dankalin, na ɗan tsiyaya madara mai ɗumi, na barbaɗa masoro. Ƙanina ya ɗanɗana ya ce, "Yaya, ai wannan fate ne da ya je makarantar boko." Wallahi bai yi ƙarya ba.

Yanzu ku ƙirga namu. Miyar kuka, miyar zogale, yakuwa, alayyahu, lalo, karkashi, kuɓewa ɗanya. Kwaɗon zogale, kwaɗon rama, kwaɗon tafasa. Dambu da zogale. Fate da yakuwa. Ɗanwake ma kuka ce take ba shi wannan launi da santsi. Idan gasar koren abinci za a yi, ina ga sai dai su zo mu koya musu, kuma ba tare da ɗigon kala ba.

Sai dai akwai tambayar da mata da yawa suke yi: me ya sa ganyena yake fita daga tukunya ya yi duhu kamar tsohon tsumma, na maƙwabciyata kuma kore shar? Amsar tana cikin ganyen. Abin da yake ba ganye launinsa wani sinadari ne da ake kira kulorofil, kuma abu biyu ne maƙiyansa: tsami da daɗewa a wuta. Shi ya sa yakuwa, komai ƙwarewarki, da ta ji wuta sai ta sauya launi, don tsaminta a jikinta yake. Haka idan kika matsa lemon tsami a kan ganye tun yana tukunya, ko kika jefa shi cikin tumatir mai tsami kika barshi yana ta tafasa.

Ita kuma kanwa kishiyar tsami ce, shi ya sa iyayenmu suke jefa 'yar kaɗan, ganye ya yi kore ya yi laushi da wuri. Dabarar tana aiki, amma tana da kuɗin da ake biya: kanwa tana lalata wasu sinadaran gina jiki da ke cikin ganyen, musamman bitamin C da B1, kuma in ta yi yawa ganye ya narke ya yi ɗanɗanon sabulu. Don haka ga abin da nake yi. Ki bari ruwa ya tafasa sosai kafin ki zuba ganye. Kada ki rufe tukunya a mintocin farko, saboda tsamin da ke fita daga ganyen ya bi tururi ya tafi. Ganye mai laushi irin alayyahu shi ne ƙarshen shiga miya, minti uku zuwa biyar ya ishe shi. Zogale da rama suna son wuta fiye da haka, amma su ma ba sai sun manta sunansu ba. Lemon tsami kuma a kwano, lokacin ci. Sannan ki wanke ganye kafin ki yanka, kada ki yanka ki jiƙa shi cikin ruwa, amfanin nasa yana bin ruwan ne.

Ku samari da ke zaman kanku a makaranta ko wajen aiki, kada ku ce ba da ku ake ba. Kwaɗon zogale bai wuce dafaffen zogale da dakakken ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir da yaji da ɗan man gyaɗa ba. Ya fi taliyar leda riƙe ciki, ya kuma fi ta arha.

Shanya ganye ma haka take. Kukar da aka shanya a inuwa, inda iska ke ratsawa, ita ce take fita kore mai kyau. Wadda aka baza a tsakar rana takan koɗe. Haka zogale, haka lalo. A shanya a kan tabarma mai tsabta, a riƙa juyawa, in ya bushe ƙayau a zuba a mazubi mai murfi, a ajiye inda rana da laima ba sa kaiwa.

Wa ya koya min wannan? Iya, kakata ta wajen uba. Ni da ita kishiyoyi ne, ko gaisuwa ba ma yi sai da tsiya. Duk kaka za ka ga ɗakinta ya cika da tabarmi, nan kuka, can zogale, ga kuɓewa an yanka, ga gabu an dunƙula. Ina yarinya nakan ce, "Iya, wai yaƙi za a yi ne?" Sai ta ce, "Ke dai kishiya, ci ki ƙoshi. Ranar da za ki gane tana nan tafe."

Ranar ta zo a daminar 2022. Duk wanda yake yankin Haɗeja ya san abin da ruwa ya yi a shekarar nan. Gonar shinkafar Baba ta nutse ana saura kaɗan a yanka. Hanyoyi suka yanke, kayan miya a kasuwa suka yi tashin gwauron zabo, in ma an same su. Katangar bayan gidanmu ta zube cikin dare. Da muka fito muna kwashe abin da za a iya kwashewa, kowa ya rungumi abin da ya fi ba shi tsoro ya rasa. Ni waya da takardun makaranta. Iya kuwa wani tsohon buhu ta ɗora a ka, da wani bargo a kafaɗa. Makonnin da muka yi a gidan 'yan'uwa a tudu, mu da yawa a tsakar gida ɗaya, ragowar kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawar da ke cikin buhun nan su suka riƙa yi mana miya. Da ɗan busasshen kifi, tuwo ya wuce. Ba ta ce min komai ba. Sau ɗaya dai ta kalle ni tana kaɗa miya da maburgi ta ce, "Kishiya, a dafa miki wayar?"

Mutanen Ayalan sun san irin wannan rana, sun ma ga wadda ta fi ta muni nesa ba kusa ba. A 1845 wata cuta ta faɗa wa dankalinsu, alhali talakawansu kusan da shi kaɗai suka dogara. Kafin 1852 kimanin mutum miliyan ɗaya sun mutu saboda yunwa da cututtuka, wasu fiye da miliyan ɗaya suka bar ƙasar, a ƙasar da mutanenta suka ɗan haura miliyan 8. Wannan hijirar tana cikin manyan dalilan da suka sa yau ake bikin a Shikago da sauran biranen Amurka kamar a can aka haife shi. Darasin a fili yake: gidan da ya dogara da amfanin gona iri ɗaya, ranar da ya ƙi, babu wajen gudu. Mu ma kakanninmu sun ga Kakalaba a 1914, iyayenmu sun ga farin 1973 da na 1984. Ku tambayi tsofaffin gidanku abin da aka ci a waɗannan shekaru, za ku ji sunan tafasa da yaɗiya da ganyayyakin da yau yaranmu ba za su iya nuna su a daji ba.

Kafin in bar maganar kogi, akwai wani kore da ya kamata in ambata, don ba kowane kore ne alheri ba. Ku tsaya bakin rafin Marma, wanda yake ɗaukar ruwan kogin Haɗeja zuwa tafkin Nguru, za ku ga kore iya ganinku. Baƙo zai ce masha Allah. Ɗan gari kuwa zai girgiza kai, don kacalla ce. Da can kogin yakan cika da damina ya malala fadamu, da rani ya janye, ƙasa ta bushe a yi noma. Da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, sai ya zama ana sakin ruwa har da rani, rafuka ba sa bushewa. Ita kuma kacalla abin da take so ke nan, ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa. Ta bazu, ta tare laka, ta toshe hanyoyin ruwa. Wani gari ruwa ya yi masa yawa, wani kuma ya daina isa gare shi. Ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama gidan sauro da jan-baki masu cinye shinkafa da gero. Madatsun nan su suke ba Kano ruwan sha da noman rani, ba wanda ya musa amfaninsu. Amma mu da ke ƙasan kogi mun san abin da muka biya.

Kuma fadamar nan ba ƙaramar dukiya ba ce. Dausayin Baturiya da ke ƙaramar hukumarmu yana cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar tun 2008. Tsuntsaye suna tasowa tun daga Turai su yi hunturu a wajenmu, a irin wannan lokaci kuma su kama hanyar komawa. Wato lokacin da Turawa suke murnar toho da dawowar tsuntsaye, wasu daga cikin tsuntsayen nan daga fadamarmu suka yi sallama.

To, mu koma kan bargon da Iya ta ɗauko a kafaɗa, don shi ne rabi na biyu na hirarmu.

Idan ranar Fatrik ta matso, mata masu ɗinki a Ayalan da Amurka sukan ɗinka bargo ko shimfiɗar tebur da ƙananan ƙyallaye kore da fari, wasu da siffar ganyen shamrok. Yadda ake yin irin wannan bargo, hawa uku ne: na sama ƙyallaye ne da aka harhaɗa, na tsakiya auduga ko wani abu mai taushi, na ƙasa yadi guda. Sai a bi su da ɗinki a haɗe su wuri ɗaya, don kada na tsakiyar ya dunƙule. Akwai wani tsohon zane da suke kira sarƙar Ayalan: ana jera ƙananan murabba'ai tara, uku-uku, launi biyu suna musanya, sai a sa babban farin murabba'i a gefensa, a sake jera tara, haka har ƙarshe. In ka ja baya ka duba, sai ka ga kamar sarƙa ce ta ratsa bargon a karkace. A da, matan da ba su da kuɗin sabon yadi sukan tara tsofaffin riguna su yi shi. Yau kuma sai ka ga an sayi sabon yadi an yayyanka shi don a sake haɗawa. Duniya ke nan.

Wata za ta ce ai wannan aikin Turawa ne. Tsaya tukuna. Kin taɓa kallon hawan Sallah a Haɗeja ko Kano ko Katsina? Kin ga 'yan lifida, su da dawakansu sun yi ɓul-ɓul cikin kaya masu kauri? Shi lifidi mene ne? Yadi ne sama, yadi ƙasa, a cusa auduga a tsakiya, a bi da ɗinki layi-layi. Hawa uku cif, irin na bargon can. Kakanninmu sun ɗinka shi ne don kibiya in ta zo ta maƙale a audugar kafin ta kai ga fata. Ashe wannan ɗinki mun daɗe da shi, har fagen fama ya je. Abin da ya rage shi ne mu sauko da shi daga kan doki mu kai shi kan gado.

Bargon Iya ba shi da wani tsari na sarƙa. Ragowar atamfofi ne da shadda da ta riƙa tarawa, ta sa tsohon gwado a tsakiya, ta ɗinke da hannu. Amma tana iya nuna maka kowane ƙyalle ta ba ka labarinsa. Wannan zanen sunan Baba ne. Wancan rigar marigayi mijinta ce. Ga wani kore mai ɗigo-ɗigo, ankon bikin gwaggona. A daren farko da muka kwana a tudu, jikoki uku aka lulluɓe da shi.

Yanzu ku duba lokacin da muke ciki. A 2024 da 2025 ranar 17 ga Maris cikin azumi ta faɗo, daidai lokacin da teloli ba sa barci saboda ɗinkin Sallah. Ku shiga kowane shagon tela ku kalli ƙasa. Ƙyallaye ne tsibi-tsibi, da safe a share a zuba a buhu, wasu a ƙone, wasu su ƙare a kwata, su haɗu da leda su toshe ta, damina ta zo mu ce ruwa ya ci mu. Kayan bargo ne fa muke ƙonawa, sannan Disamba ta yi mu je kasuwa muna cinikin bargon gwanjo.

Ga yadda za ki fara, ko da ba ki da keke. Ki je wajen telanki ki ce, "Malam, don Allah a tara min ragowar atamfa da shadda." Yawanci da murna zai ba ki, kin rage masa shara. Ki ware masu kauri ɗaya, kada ki haɗa atamfa da leshi ko yadi mai talewa, ɗinkin zai karkace. Ki wanke su tukuna, don mai zuba ya zuba tun yanzu, mai shiga ruwa ya shige, sannan ki goge. Ki yanki kwali murabba'i, santimita 12 kowane gefe, shi ne ma'auninki. In kika bar santimita 1 na ɗinki a kowane gefe, kowane ƙyalle zai tsaya a santimita 10. Bargo mai faɗin santimita 150 da tsawon 200 zai ci ƙyalle 15 a layi, layi 20, jimla 300. Kada adadin ya tsorata ki. In kina haɗa guda 10 a rana, wata ɗaya kin gama fuskar.

Ki fara jera su a kan tabarma kafin ki sa allura, ki ga yadda launuka suka zauna. Ki haɗa layi-layi, sannan ki haɗa layukan, kina goge bakin ɗinkin yana kwanciya. In fuska ta kammala, ki shimfiɗa zane guda a ƙasa, tsohon bargo ko tsofaffin zannuwa biyu a tsakiya, fuskar a sama. Ki kama su da dogon ɗinki na wucin gadi, ki fara bin su daga tsakiya zuwa gefe, don kada ya tattare. A ƙarshe ki naɗe baki da dogon ƙyalle. In 300 ta yi miki yawa, fara da na goyo ko shimfiɗar jariri, 8 sau 8, guda 64 ke nan. Kuma yanzu ne lokacinsa. Ana ɗinka bargo da bazara ne, kamar yadda ake shanya kuka da kaka. Wanda ya bari sai sanyi ya shigo, ya makara.

Ni na fara nawa. Kore da fari na zaɓa, zan gwada sarƙar nan. Ƙanwata ta ce tutar Najeriya nake ɗinkawa, na ce to ai ba laifi, koren tutar ma noma yake nufi. Da na kai wa Iya ta gani, ta juya shi gaba da baya, ta ja ɗinkin da yatsa ta ce, "Kishiya, wannan in miji ya ja da ƙafa sau ɗaya ya rabu biyu. Kawo allurar." Yanzu haka rabinsa yana wajenta tana warware min aiki.

Ba ina cewa mu ɗauki bikin wasu mu yi ba, kowa da nasa. Abin da ya burge ni da su shi ne, sun ɗauki abincin talakansu da ɗinkin tsummansu sun ɗaga su sama, har duniya tana kallo. Mu kuwa yarinya tana jin kunyar a ce gidansu miyar kuka aka yi, ko a ga bargon faci a gadonta. Masu wannan ilimi, irin su Iya, suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Kogin da muke dogaro da shi kuma, shekara ta ambaliya, shekara ta ƙamfa.

Don haka ga aikin gida, kashi biyu. Na ɗaya, kafin Sallah ki je ko ka je wajen tela a karɓo buhun ƙyalle guda. Na biyu, a samu tsohuwar gida a tambaye ta sunayen ganyen da ake ci a garinku, da lokacin da ake tsinkarsu, da yadda ake adana su. A rubuta a ajiye. Ku kawo mana sunayen a ƙarƙashin wannan rubutu, da sunan garinku, don na tabbata abin da ake ci a Baturiya wani a Gumel bai taɓa jin sunansa ba. 'Yan'uwanmu Mangawa da Badawa da Fulani, ku ma a kawo da harshenku.

Wanda kuma ya gwada faten da ya je makarantar boko, ya faɗa mana yadda ya kaya.

Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah Ya kai mu. A sha ruwa lafiya.